Zaɓen Lasifikar Sauraron Kiɗa a Gida

Lasifika na'ura ce mai aiki ɗaya tak: ta karɓi wutar lantarki mai ɗauke da sauti, ta mayar da ita motsin iska wanda kunne zai ji. Kusan duk lasifikar da ke gidaje a yau tana bin tsarin da injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, suka bayyana a 1925. Akwai maganaɗisu, akwai naɗin siririyar waya da masu gyara ke kira koyil, sannan akwai mazurari na takarda ko roba ko ƙarfe marar nauyi da aka manna wa koyil ɗin. Idan wuta ta bi ta cikin koyil, sai ya riƙa yin gaba da baya a ramin maganaɗisun, ya ja mazurarin, mazurarin kuma ya tura iska. Shekara ɗari ke nan wannan asali bai canza ba. Abin da ya bambanta wata lasifika da wata shi ne yadda aka rarraba aikin tsakanin mazurarai da kuma irin akwatin da aka zuba su a ciki, kuma a nan ne mai saye yake da zaɓi.

Kunnen matashi mai lafiya yana jin sautin da ke kaɗawa daga sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa ɗaya. Ma'aunin wannan kaɗawa shi ne haz. Sauti mai kauri, irin na tambari ko babbar ganga, yana can ƙasa. Sauti siriri, irin ƙarar kuge ko kaifin tsirkiyar goge, yana can sama. Muryar ɗan Adam tana tsakiya. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, saboda haka zango ɗaya na sautin haz 40 ya haura mita 8, alhali zangon sautin haz 10,000 santimita 3 ne da 'yan kai. Mazurari ɗaya ba ya iya ɗaukar wannan tazara yadda ya kamata. Babba yana tura iska mai yawa, amma nauyinsa da faɗinsa suna hana shi fitar da siririn sauti ya watsu a ɗaki. Ƙarami yana da zafin nama, amma ba shi da ƙarfin motsa iskar da sauti mai kauri ke bukata. Shi ya sa ake raba aikin: babban mazurari, wato wufa, ya ɗauki kauri, ƙarami, wato tuwita, ya ɗauki siriri, wani lokaci a sa na uku a tsakaninsu don murya.

A cikin akwatin akwai ɗan allo mai raba sauti, wanda ke tura wa kowane mazurari rabonsa. Ba a ganinsa daga waje, masu kanti ma ba su cika zancensa ba, amma rabin ingancin lasifika a kansa yake. A lasifika mai mazurari biyu, galibi ana yin rabon ne tsakanin haz 2,000 da 3,000, wato daidai inda kunne ya fi kaifin ji, don haka ɗan kuskure a wurin yakan sa murya ta fito ta hanci ko ta yi tsauri. Tsarin rabon da Siegfried Linkwitz da Russ Riley suka fito da shi a 1976 ya yaɗu ne saboda yana sa mazuraran biyu su haɗa baki a wurin miƙa aiki. Yawan mazurarai a fuskar akwati ba shaidar inganci ba ce. Mai biyu da aka tsara da kyau ta fi mai biyar da aka jera don ɗaukar ido, kuma a cikin kayan arha akan samu tuwitar da ko waya ba a haɗa mata ba.

Shi kuwa akwati, wajibi ne. Lokacin da mazurari ya tura iska ta gaba, a daidai lokacin yana jan iska ta baya. Idan aka bar shi tsirara, iskar gaba za ta zagaya ta cike gurbin ta baya, su kashe juna, kauri ya ɓace. Aikin akwati shi ne ya san yadda zai yi da sautin bayan, kuma manyan hanyoyi biyu ne suka mamaye kasuwa.

Ta farko ita ce rufaffen akwati, wanda ba shi da kafa ko ɗaya. Edgar Villchur ne ya ɗaukaka wannan tsari a 1954, lokacin da kamfaninsa na Acoustic Research ya fitar da lasifikar AR-1. Dabararsa ita ce ya sassauta gefen mazurarin sosai, ya bar iskar da ke kulle a akwatin ta riƙa dawo da shi mazauninsa. Da haka ƙaramin akwati ya iya fitar da kaurin da a da sai akwati mai girman kabad. Kaurin rufaffen akwati yana raguwa ne sannu a hankali, desibel 12 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin amo) duk lokacin da adadin kaɗawa ya ragu da rabi, kuma bugun ganga yana tsayawa inda makaɗi ya tsayar da shi, ba ya jan wutsiya. Yana kuma da haƙuri idan aka matsa shi kusa da bango. Farashin wannan shi ne cin wuta: yana bukatar amfilifaya mai ƙarfi, wato na'urar da ke ƙarfafa wutar sautin, kafin ya yi amo.

Ta biyu ita ce akwati mai kafa, wanda ake huda masa rami a sa bututu a gaba ko a baya. Albert Thuras na ɗakin binciken Bell a Amurka ya sami rajistar mallakar wannan fasaha a 1932. Iskar da ke cikin bututun da ta cikin akwatin suna kaɗawa tare a wani adadi na musamman, kamar yadda kwalba ke kuka da murya ɗaya idan aka hura bakinta. Mai ƙira yakan daidaita wannan kuka a daidai inda wufa ta fara gajiya, sai bututun ya karɓe ta. Riba a bayyane take: ƙarin kauri ba tare da ƙarin wuta ba, shi ya sa mafi yawan lasifikun da ake sayarwa yanzu masu kafa ne. Amma ƙasa da wancan adadi sautin yana faɗuwa da sauri, desibel 24 maimakon 12, kuma mazurarin yana rasa abin da zai riƙe shi, ya yi ta fizga ba tare da fitar da komai ba. Idan bututun ya yi ƙanƙanta, akan ji hucin iska a bakinsa. Idan kuma aka daidaita shi don burge mai wucewa, sai kowane sauti mai kauri ya koma gunji iri ɗaya, ba a bambance wannan ganga da waccan.

Wannan batu ya shafi masu ba kafinta aikin akwati, abin da ake yi sosai a kasuwannin kayan sauti. Girman akwati da tsawon bututu ba a yanke su da ido. Injiniya Neville Thiele na Ostareliya ya wallafa lissafinsu a 1961, Richard Small kuma ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970, har yau kuwa da alƙaluman da ke ɗauke da sunayensu ake aiki. Kowane mazurari yana da nasa alƙaluman: nauyinsa, laushin gefensa, ƙarfin maganaɗisunsa. Su ne ke nuna ko rufaffen akwati ya dace da shi ko mai kafa, da lita nawa akwatin zai ci. Mazurari mai tsada a akwatin da ba nasa ba asarar kuɗi ne. Wanda ya sayi mazurarin da ba a san alƙalumansa ba, ya fi masa aminci ya yi rufaffen akwati ya cusa masa auduga ko ulu, domin kuskuren girma a rufaffe bai kai na mai kafa muni ba. Katakon ma ya zama mai kauri, a ɗaure bangwayensa da sanduna daga ciki, don kada akwatin ya riƙa rera tasa waƙar.

Akwai wata ƙa'ida da ake jingina wa Anton Hofmann, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin KLH, wadda ta taƙaita lamarin akwati. Abubuwa uku ake so: ƙaramin akwati, kauri mai zurfi, da ƙarancin cin wuta. Biyu kawai ake samu. Ƙarami mai zurfin kauri zai ci wuta; ƙarami marar cin wuta ba zai yi kauri ba; mai kauri marar cin wuta dole ya yi girma. Duk tallar da ta yi alkawarin ukun gaba ɗaya, akwai abin da ta ɓoye.

Bayan rufaffen akwati da mai kafa akwai lasifika mai ƙaho, wadda kowa ya san danginta a saman masallatai da motocin shela. Ƙahon yana haɗa ƙaramin mazurari da iska mai yawa, ya sa wuta kaɗan ta yi amo mai nisa. Ta masallaci an yi ta ne don murya ta kai nesa, ba ta da kauri, ba a kuma yi ta don kiɗa ba. Amma akwai ƙahon gida na gaske. Paul Klipsch ya fara ƙera Klipschorn a garin Hope na jihar Arkansas a 1946, ya nannaɗe ƙahon a cikin akwati, ya tsara ta yadda za a kafa ta a kusurwar ɗaki, bangwayen su zama ci gaban ƙahon. Da wat ɗaya tana haura desibel 100. Irin wannan tana ba kiɗa rai da kuzari, sai dai tana da girma da tsada, kuma ƙahon da ba a ƙera da kyau ba yana sa murya ta yi kamar daga rami take fitowa. Haka ma manyan akwatunan da ake haya don biki: an gina su don fili da taron jama'a, a falo kuwa sukan yi tsauri su gajiyar da kunne.

Nau'i na huɗu ba shi da mazurari ko maganaɗisu. Siririyar leda ce, wadda ba ta kai kaurin gashi ba, aka miƙe tsakanin faranti biyu masu huji, wutar dubban bolt tana jan ta gaba da baya. Peter Walker na kamfanin Quad a Ingila ya fitar da shahararriyar irinta a 1957. Wajen tsabtar murya da kayan tsirkiya, da wuya a sami wadda ta fi ta. Sai dai kaurinta kaɗan ne, ba ta son a ƙure ta, mazaunin da take daɗi ƙunci ne, tana son tazara daga bangon baya, sai an jona ta da wutar gida, kuma wutar da ke jikinta tana jawo ƙura. A ƙasar da hunturu ke cika ɗakuna da ƙura watanni, wannan abin dubawa ne sosai kafin a kashe kuɗi.

Sai alƙaluman da ke jikin kwali. Wanda ya fi jan ido shi ne wat, kuma shi ne mafi ƙarancin amfani. Wat ɗin lasifika yana nuna wutar da za ta iya jurewa ne kafin ta ƙone, ba ya nuna amonta, balle daɗinta. Rubutun PMPO, wanda kan sa a ga dubban wat a jikin ɗan akwati, ba shi da wata ƙa'idar awo da aka amince da ita. Kowane kamfani abin da ya ga dama yake rubutawa. Wanda ake iya dogara da shi shi ne mai alamar RMS. Adadin da ya fi wat muhimmanci shi ne na kaifin amsawa, wato desibel nawa lasifika ke fitarwa da wat ɗaya a tazarar mita ɗaya. Na gida galibi suna tsakanin 84 da 90. Ƙarin desibel 3 yana bukatar ninka wuta sau biyu, don haka mai 84 tana bukatar wuta ninki huɗu kafin ta kamo mai 90. Kafin kunne ya ji amo ya ninka kuwa, sai an ƙara kimanin desibel 10, wato wuta ninki goma. Ke nan bambancin amfilifaya mai wat 50 da mai wat 100 ɗan kaɗan ne a kunne. Abin lura kuma: ƙaramar amfilifaya da aka murɗe har ƙarshe tana gurɓata sauti, gurɓataccen sautin nan kuwa yana yawan ƙona tuwita.

Akwai kuma om, wato juriyar lasifika ga wuta, galibi 4 ko 6 ko 8. Mai om 4 tana jan wuta fiye da mai 8, don haka a tabbata amfilifayar ta yarda da ita, kada ta yi zafi ta mutu. Game da faɗin sauti, rubuta "20 zuwa 20,000" kawai bai ce komai ba. Kamfani mai gaskiya yana ƙara iyakar karkata, misali haz 50 zuwa 20,000 da ƙari ko ragin desibel 3.

An daɗe ana cewa daɗin lasifika ra'ayi ne, kowa da kunnensa. Binciken da Floyd Toole ya yi a Cibiyar Bincike ta Ƙasa ta Kanada da ke Ottawa, wanda ya wallafa a 1985 da 1986, ya rage wa wannan magana ƙarfi. Ya zaunar da masu sauraro a gaban labule, ba sa ganin lasifikar da ke kiɗa, aka daidaita amon duka ya zama ɗaya. Masu lafiyar kunne suka riƙa karkata ga abu guda: lasifikar da ba ta fifita wani sashe na sauti a kan wani, wadda kuma sautin da take watsawa gefe ya yi kama da wanda take turowa gaba. Daga baya, a kamfanin Harman, shi da Sean Olive sun nuna cewa idan aka ɗage labulen, girman akwati da kyansa da sunan kamfani suna canza makin da mutane ke bayarwa. Darasin da ke ciki babba ne. Lasifikar kirki ba ta ƙara wa kiɗa gishiri. Abin da aka naɗa shi take fitarwa. Kuma sautin gefe yana da nauyi domin yawancin abin da kunne ke ji a ɗaki ya bugi bango ne kafin ya iso.

Wannan ya kawo zancen ɗaki, wanda ya kamata a auna tun kafin a tafi kasuwa. Kowane ɗaki yana da sautukan da yake kumburawa. Idan aka raba 343 da ninki biyu na tsawon ɗaki, za a sami na farkonsu: ɗaki mai mita 4 yana kumbura sautin haz 43 ko kusa da haka. Idan tsawo da faɗi ɗaya ne, kumburin ya taru wuri guda. Gidajen bulo da siminti masu daɓen tayil, irin waɗanda suka yawaita a birane, suna mayar da sauti kusan duka, don haka babbar lasifika mai kafa a ƙaramin falo irin wannan gunji za ta yi. Darduma mai kauri a tsakanin lasifika da kujera, labule mai nauyi, kujerun kushin da kantar littattafai sukan gyara sauti fiye da sauya amfilifaya. A kafa lasifikun biyu yadda su da mai sauraro za su yi kusurwa uku daidai wa daida, tuwita a saitin kunnen wanda ke zaune, a janye su daga bango kamar rabin mita, musamman masu kafa ta baya. Kusurwar ɗaki tana ƙara kauri fiye da kima ga duk wadda ba don kusurwa aka yi ta ba.

Ƙanƙanta ba aibi ba ce. BBC ta tsara wata 'yar lasifika mai suna LS3/5A a tsakiyar shekarun 1970 don motocinta na watsa shiri daga waje, inda wuri ya yi ƙunci. Rufaffen akwati ne mai tsayin kusan santimita 30, ba ta da zurfin kauri, tana kuma cin wuta, amma tana fitar da murya yadda take, har yau ana ƙera ta da izinin BBC. Ga ɗakin kwana ko matsakaicin falo, lasifiku biyu masu mazurari biyu, wufarsu inci 5 zuwa 6 da rabi, a kan dogayen ƙafafu, sun wadatar. Wanda yake son ƙarin kauri sai ya ƙara akwatin kauri na daban, ya ba shi abin da ke ƙasa da haz 80, domin a wannan zurfi kunne ba ya gane inda sauti ke fitowa, ana iya ajiye akwatin duk inda ya fi daɗi. Dogayen lasifiku masu tsayawa a ƙasa na babban falo ne, inda mai sauraro ke zaune nesa da mita uku.

Wasu lasifikun suna zuwa da amfilifaya a cikinsu. Amfaninsu shi ne mai ƙira ya riga ya daidaita komai da komai. Illarsu ita ce idan wuta ta yi tsalle ta ƙona amfilifayar, lasifikar duka ta tsaya, gyara kuma sai an sami kayan kamfanin. Inda wuta ke hawa da sauka, sitabilaiza ba ado ba ce. A duba kuma zoben da ya kewaye mazurari: na soso yana ruɓewa da zafi da shekaru, na roba ya fi daɗewa.

Ranar gwaji, mai saye ya tafi da kiɗan da ya sani ciki da bai, a naɗi mai tsabta. Ya fara da muryar mutum yana magana, domin ba sautin da kunne ya ƙware a kansa kamar wannan. Sannan ya saurari kalangu, ya ji ko hawa da saukar muryarsa suna fita ɗaya bayan ɗaya. Ya saurari goge ko algaita, ya ji ko kaifinsu yana soka kunne. Idan ana gwada biyu, a daidaita amonsu, domin wadda ta ɗan fi ƙara kullum takan yi kamar ta fi daɗi. Ya tashi ya koma gefe ya ji ko sautin ya sauya kama. Ya ƙwanƙwasa jikin akwatin da yatsa: mai kyau ba ya amsawa. Ya rage amo sosai, tunda yawancin sauraron gida a hankali ake yin sa, kuma ya ba abin lokaci, don lasifikar da ke burgewa a minti biyu na farko sau da yawa ita ce ke gundura bayan rabin awa.

A kula da kunnen kansa. Hukumar NIOSH mai kula da lafiyar ma'aikata a Amurka ta ba da shawarar iyakar desibel 85 na awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. Jin da amo ya lalata ba ya dawowa. Idan mai kanti ya yarda a kai lasifika gida a gwada kafin a kammala ciniki, a karɓi wannan dama ko da za a ɗan ƙara kuɗi, domin a ɗakin da za ta zauna ne kaɗai ake sanin ainihin muryarta.